Fassarar kalmomin makamai: aikin da ba a yi masa cinikin kasuwa

Ƙaramin ofishinmu na fassara ne tsakanin Ingilishi, Jamusanci da harshen Airish na ƙasar Ireland, kuma abin da muka fi alfahari da shi shi ne kalmomin soja na harsasai da abubuwan fashewa: takardun jigilar kaya masu haɗari, rahotannin masu kwance bam, da dokokin Tarayyar Turai. Tun daga 1 ga Janairun 2022 kowace dokar Tarayyar sai an fitar da ita da Airish, don haka aiki ya ƙaru, su ma 'yan araha suka yi yawa.

Kalmar da ta fi tona musu asiri ita ce Granate. Bajamushe da ita yake kiran harsashin igwa, gurnetin hannu kuwa Handgranate yake cewa. Wanda ya zuba takarda cikin manhajar fassara sai ya samu grenade, ya mayar da ita gránáid a Airish, alhali sliogán ake nufi. Gurneti da ƙyar yake kai rabin kilo, harsashin igwa mai milimita 155 kuwa ya haura kilo 40. Shi kuwa mai kwance bam, da wannan takardar zai auna nisan da za a janye mutane.

Haka Geschoss a Jamusanci, kan harsashi ne, kuma hawan bene ne. Mianach a Airish nakiya ce, kuma ramin haƙar ma'adinai ne. Sojojin da ke rubutu da Ingilishi suna sa fuze da harafin z ga na'urar da ke tayar da harsashi, wato Zünder a Jamusanci. Idan aka ɗauke ta fis ɗin lantarki sai a rubuta Sicherung, wadda a bindiga take nufin makullin hana tashi. Ma'ana ta juye ke nan gaba ɗaya, abin da ke ƙona mana rai idan aka kawo mana irinsa gyara.

Akwai kuma bambancin da yarjejeniyar 2003 kan ragowar makaman yaƙi ta yi tsakanin wanda aka harba bai tashi ba da wanda aka gudu aka bari. Na farkon ne Blindgänger a Jamusanci, irin bam ɗin Ingila na Yaƙin Duniya na Biyu da ya sa aka kwashe mutum wajen 60,000 a birnin Frankfurt na Jamus a watan Satumban 2017.

Mu kafin a fassara layi ɗaya, sai mun tsamo kalmomin, mun duba su a rumbun kalmomin Airish na téarma.ie da rumbun kalmomi na IATE na Tarayyar, sannan mai takarda ya sa hannu a jerin. Mutum biyu ke karanta kowane shafi, na biyun lambobi kawai yake bi, domin Bajamushe waƙafi yake sawa inda mai rubutu da Ingilishi ke sa ɗigo, 1,8 tan ɗaya ne da ɗigo takwas. Mai neman ragi, wannan karatu na biyu yake so mu cire, shi ne kuma ba ma cirewa.