Daren da Gore ya sallama, ina shagon masu naɗa taba a Tampa

Azumin shekarar 2000 ya same ni a Atlanta ina karatu, ga sanyi ga jarrabawa. Da na rubuta takarda ta ƙarshe, sai wani yayana da ke Tampa, Bahaushen Garwa ne ta ƙasar Kamaru, abokin babban wana tun suna samari, ya bugo ya ce in sauko in sha ruwa a wurinsa ko na kwana uku ne. Ranar Laraba, 13 ga Disamba, na yi sahur, na yi sallar asuba, na ɗauki babbar hanya mai lamba 75 na miƙi kudu.

Tafiyar ta haura kilomita 700. Na wuce Macon gari bai gama wayewa ba, daga nan sai gonakin auduga da aka riga aka cire, karare tsaye da ɗan farin da ya maƙale a jikinsu. Bayan Valdosta na shiga jihar Fulorida, kafin in kai Ocala na cire rigar sanyi na jefa ta kujerar baya. Duk tashar rediyon da na murɗo, zance ɗaya ne. Daren jiya Kotun Ƙoli ta Amurka, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, ta dakatar da sake ƙidayar ƙuri'un Fulorida. Tun ranar 7 ga Nuwamba ake ta ja-in-ja, kwana 36 ƙasa ba ta san shugabanta na gaba ba. Ratar da aka tabbatar wa George W. Bush a kan Al Gore ƙuri'a 537 ce kacal, cikin kusan miliyan shida da aka kaɗa a jihar. Kuma wanda ya ci Fulorida shi ya ci ƙasa, domin wakilanta 25 a majalisar masu zaɓen shugaban ƙasa su ne za su raba gardama.

Na isa ana gab da shan ruwa. Dabino, kunun gyaɗa da matarsa ta dama, sai wani dogon burodi na mutanen Kuba mai ɓawo a waje da laushi a ciki. Bayan mun idar da sallar isha'i ya ce, "Ƙanena, tashi. Yau Gore zai yi magana ƙarfe tara, kuma akwai inda nake so ka ji ta." Direban tasi ne, babu lungun da bai sani ba.

Unguwar Ybor ya kai ni. Sunan wani attajiri ne ɗan Sifaniya, Vicente Martinez Ybor, wanda ya kwaso sana'ar naɗa taba daga Key West ya kafa ta a nan wajen 1886. Ba taba sigari ta takarda nake nufi ba. Wannan ganye ne zalla, a naɗe shi da hannu, kaurinsa kamar babban yatsa, mutum ya fi awa guda yana zuƙar ɗaya. 'Yan Kuba da 'yan Sifaniya da 'yan Sisili suka cika unguwar, har a 1929 aka naɗa kusan miliyan 500 a Tampa. Yanzu yawancin manyan gine-ginen jan bulo sun koma wasu abubuwan, masana'antar J.C. Newman mai hasumiyar agogo tana cikin 'yan kaɗan da suka rage, kaji kuwa suna yawonsu a titi babu mai korarsu.

Shagon ƙarami ne, kusa da titi na bakwai. Kujerun fata guda shida, talabijin a maƙale sama, sai teburin katako a bakin taga inda wani dattijo baƙar fata yake aiki. A wurinsa idona ya tsaya. Ya damƙi ganye uku ya lanƙwasa su a tafin hannu, ya naɗe da wani ganyen, ya jera a wani katako mai ramuka ya danne. Sai ya ɗauko ganyen waje, ya shimfiɗa, ya shafa shi da bayan yatsu kamar mai lallashin jariri, ya yanke gefensa da wata wuƙa marar ƙota mai siffar jinjirin wata. Mirginawa ɗaya, ɗigon ƙaro a kan yatsa, an gama. Da ya ji daga inda yayana ya fito, sai ya buɗe wani damshin ƙyalle ya nuna mana ganye mai duhu, siriri, da ɗan ƙurji-ƙurji a jikinsa. Ya ce na Kamaru ne, a dajin gabashin ƙasar ake nomansa wajen Baturi, kuma ba kowane hannu ke iya naɗa shi bai yage ba. Yayana ya riƙe ganyen ya yi shiru. Shekararsa goma sha ɗaya bai taka gida ba.

Ni ba na shan taba, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin zafinta. Tari ne ya ɗauke mana kawu, muna kallo yana ramewa. Saboda haka da na ji wani mai faffaɗar hula yana cewa shi abin da ya raba shi da Gore taba ce, sai raina ya sosu. Ya lissafo yadda gwamnatin Clinton, wadda Gore yake mataimakin shugaba a cikinta, ta maka kamfanonin sigari a kotu a 1999, yadda Kalifoniya ta hana shan taba a mashaya tun 1998, ya ce da Gore ya hau, sauran jihohi ma haka za su bi. Gore dai ɗan gidan manoman taba ne a Tenesi, kuma kansar huhu ce ta kashe yayarsa Nancy a 1984. A wannan gaɓar ina bayansa har gobe.

Amma ba kowa ne taba ta dama ba. Wani da iyayensa suka gudo daga Kuba bayan Castro ya karɓi mulki a 1959, shi maganarsa Elián González ce, yaron nan da jami'an gwamnati suka ɗauke da bindiga daga gidan danginsa a Miyami cikin Afrilu aka mayar da shi wurin mahaifinsa. Ya ce tun ranar ya san inda ƙuri'arsa za ta. Tsofaffin 'yan unguwar kuma, jikokin ma'aikatan da suka zo tun kafin Castro, yawancinsu 'yan Dimokurat ne na gado, wato jam'iyyar Gore. Kakanninsu sun riƙa haɗa kuɗi su ɗauki mai karatu, ya hau kujera mai tsawo a tsakiyar masana'anta yana karanta musu jaridu da littattafai suna naɗi, har masu masana'antu suka soke abin a 1931 don sun ga yana buɗe wa ma'aikata ido. A nan José Martí, jagoran masu neman 'yancin Kuba, ya zo neman gudunmawar yaƙin. Siyasa a jininsu take.

A kan kanta akwai wani akwatin taba da ba a ɓalle ba, an rubuta 7 ga Nuwamba a jikinsa. Biyu daga cikinsu ne suka yi caca a kan zaɓen, mai shago ya riƙe amana, akwatin ya yi sati biyar yana jiran mai shi.

Ƙarfe tara Gore ya bayyana. Shagon ya yi tsit, hayaƙi kawai ke tashi. Ya ce ya kira Bush ya taya shi murna, kuma ya yi masa alkawarin wannan karon ba zai sake kira ya janye ba, kamar yadda ya yi a daren zaɓe. Wasu suka yi dariya. Sannan ya ce sam bai yarda da hukuncin kotun ba, amma ya karɓa. Mutumin da ya fi abokin takararsa yawan ƙuri'u a faɗin ƙasa da sama da rabin miliyan ne yake faɗin haka.

Jikina ya yi sanyi. 12 ga Yunin 1993 ce ta faɗo mini, zaɓen da muka yi layi a rana muka kaɗa, aka soke shi, wanda ya ci ya ƙare ransa a tsare a 1998. Shekara ɗaya da rabi ke nan da sojoji suka miƙa mulki a Najeriya. Na zauna ina kallon wanda aka kayar yana magana da bakinsa a gaban duniya, zai koma gidansa ya kwana, sai na ji hawaye na neman zubo mini. Yayana ya dafa gwiwata, bai ce komai ba.

Mai faffaɗar hula ne ya ci cacar. Ya ɓalle akwatin ya fara miƙa wa wanda ya kayar, sannan ya zaga da shi. Wanda aka kayar ya karɓa, ya kunna, ya ce shi har ya mutu ba zai daina cewa ba a ƙirga ba, ya kawo zancen takardar zaɓen Palm Beach mai rikitarwa da ta sa tsofaffi suka dangwala wa wani ɗan takarar daban, Buchanan, suna zaton Gore ne. Aka taso masa, ya taso musu, murya ta yi sama, amma babu wanda ya tashi daga kujerarsa. Da akwatin ya zo kaina na ɗaga hannu na yi godiya, mai shago ya kawo mini gahawa da madara.

Dattijon mai naɗi shi kaɗai bai sa baki ba. Da na matsa kusa na tambaye shi, sai ya ce 'yarsa tana Jacksonville, inda aka jefar da ƙuri'u fiye da dubu ashirin, da yawansu daga unguwannin baƙaƙen fata. Ta yi layi kafin ta tafi aiki, kuma har yau ba ta san ko tata tana cikin waɗanda aka ƙirga ba. Ya karɓi tabar da aka miƙa masa, ya juya ta a yatsu ya duba naɗin, ya sa a aljihun gaban riga bai kunna ba.

Ƙarfe goma Bush ya fara nasa jawabin daga zauren majalisar Texas a Austin. Ba mu tsaya jin ƙarshensa ba, don yayana yana da fasinjan filin jirgi da asuba, ga sahur a gabanmu. Muna fita na waiga ta taga, dattijon ya yayyafa wa ganyen Kamarun ruwa, ya lulluɓe shi da ƙyalle, yana share tarkacen teburinsa da gefen wuƙar.