Kurwasan mai cakulan a eya-firaya: inda gwajin ya kai

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka tsaya bayan gashi huɗu na kurwasan a eya-firaya, wato ƙaramar na'urar gashi mai hura iska mai zafi. Da fatan zai rage muku asarar kwaɓi, domin kwaɓin nan ba araha gare shi ba.

Mu fara gyara suna. Kurwasan na ainihi, wanda ake ci a Faransa, kwaɓi ne mai yis da ake naɗe bota a cikinsa, a ninke, a kai firji, a sake ninkewa, aikin yini guda ko biyu. Wanda muke yi a nan na gaggawa ne: kwaɓi mai hawa-hawa da ake sayarwa a daskare a manyan kantuna, irin wanda ake yin sosej-rol da shi. Babu yis a cikinsa. Abin da ke tashinsa tururi ne kawai: ruwan da ke jikin kwaɓin ya zama tururi, maiƙon da ke tsakanin hawa da hawa ya hana su mannewa, sai su ɗaga kamar shafukan littafi. Duk wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin kowace matsala da ke tafe. Idan maiƙon ya narke kafin ya shiga wuta, hawan ya haɗe, an tashi daga kurwasan an koma biskit mai tauri.

Kayan da na yi aiki da su: shimfiɗar kwaɓi ɗaya mai giram 320, wadda tsawonta ya kusa santimita 35, faɗinta 23, Nutella (cakulan na shafawa a burodi) kamar giram 80, ƙwai ɗaya, madara cokalin shayi biyu. Shimfiɗar a yanka ta huɗu ta tsawo, kowane yanki ya zama kusan santimita 9, sannan a raba kowanne daga kusurwa zuwa kusurwa. Za a sami alwatika takwas. Na gwada shida manya, ban ba da shawara ba. Naɗinsu ya yi kauri, zafi bai kai cikinsu ba. Wuƙa mai kaifi ake so, a danna ta sauka sau ɗaya. Wuƙa dakusasshiya tana matse bakin kwaɓin, hawan ya liƙe tun daga yanka.

Gashi na farko an yi shi a digiri 200 na ma'aunin Celsius, kamar yadda ake yi a obin, na minti 8. Waje ya yi duhu, saman har ya fara ɗaci, ciki kuwa ɗanyen kwaɓi ne mai danƙo. Dalilin yana cikin ginin na'urar. Eya-firaya ƙaramin obin ne mai fanka: ƙarfen wuta yana sama, 'yan santimita kaɗan daga abinci, fanka na hura zafin da ƙarfi. Fatar waje takan bushe ta gasu tun zafin bai ratsa naɗi uku ko huɗu na ciki ba. Shi ya sa duk ma'aunin obin da kuka gani, ku rage masa digiri 20 ko fiye.

Na biyu an sauko zuwa 180, minti 12. Launin ya fi kyau, amma cakulan ya gudu. An zuba cikakken cokalin cin abinci a kowanne, kuma daga kwalba kai tsaye, yana da laushi. Nutella yawancinsa sukari ne da mai, gyaɗar hezal ɗin da ke cikinsa kashi 13 ne cikin ɗari. Da ya ji zafi sai ya tsinke, ya nemi hanyar fita ta gefe, ya ɗiga a kwandon na'urar, sukarin ya ƙone ya cika kicin da hayaƙi. Wanda ya rage a bakin naɗin kuma ya bushe ya zama gari-gari.

A nan ne aka samo gyaran da ya fi kowanne amfani, don haka ku kula da shi sosai. A shimfiɗa takardar gashi a faranti, a ɗebi cakulan cokalin shayi ɗaya mai ɗan tudu, kamar giram 10, a ja shi siriri kamar ɗan yatsa, tsawon santimita 5. A yi guda takwas, a saka a firiza minti 30. Zai daskare yadda za a ɗauke shi da hannu. A ɗora shi a faffaɗan gefen alwatikar, a bar santimita 2 ta kowane gefe, a lanƙwaso gefen biyu su rufe bakinsa, sannan a naɗe zuwa tsini. Daskararren cakulan yana ɗaukar mintuna kafin ya narke, kafin nan kwaɓin ya riga ya kumbura ya rufe masa ƙofa. Naɗin kada ya yi tsauri, a bar masa wurin tashi. Tsinin kuma ya koma ƙasa, nauyin kurwasan ya danne shi. Wanda aka bar tsininsa a sama, fanka ta ɗaga shi, ya warware kamar rawani.

Bayan naɗi a mayar da su firji minti 15. Kada a tsallake wannan, musamman mu da ke ƙasar zafi. Bota tana narkewa tsakanin digiri 32 da 35, kuma a watan Maris da Afrilu kicin a Kano ko Maraɗi yakan wuce haka da rana tsaka. Kwaɓin da aka yi da man ganye ya ɗan fi juriya, amma shi ma yana saki. Alamar ita ce ya fara sheƙi, ya manne a yatsa, ya miƙe idan an ɗaga. Da kun ga haka ku tsaya, ku mayar firji minti 10, ku dawo. Tiren ƙarfe da ya kwana a firiza yana taimakawa idan aka yi aikin a kansa. Da sassafe ya fi, lokacin hunturu kuwa sai yadda kuka so. Narkar da kwaɓin ma a firji ake yi, a kwana, ba a kan tebur ba.

Gashi na uku: digiri 165, an ɗumama na'urar minti 3, an gasa minti 12, an juya, an ƙara minti 4. Ciki ya nuna, cakulan ya zauna. Abin da ya rage shi ne gefen bai buɗe ba, saboda ƙwan da aka kaɗa da madara aka shafa ya gangara kan yankan ya liƙe hawan kamar gam. A na huɗu an shafa shi a doron kawai, siriri, da buroshi, an kauce wa bakin yanka. Shi ne ya fito yadda ake so: ja-ja mai sheƙi, mara nauyi a hannu, yana ɓarewa idan an taɓa. Juyawar dole ce, domin zafi daga sama yake zuwa, ƙasan yakan zauna fari. Huɗu-huɗu ake sakawa a kwando mai lita 4, da tazarar yatsa biyu tsakani. Sauran su jira a firji.

Na'urori sun bambanta, wata ta fi wata zafi a lamba ɗaya. Ku gasa guda ɗaya tak da farko, ku yanka ta tsakiya ku duba. Idan akwai layi mai launin toka mai danshi, a ƙara minti 2, ba a ƙara wuta ba.

Gargaɗi biyu. Takardar gashi ba a saka ta ita kaɗai lokacin ɗumamawa, fanka za ta tsotse ta zuwa ƙarfen wuta ta kama. A yanka ta daidai gindin kurwasan, a huda ta, abinci ya danne ta. Sannan yawancin waɗannan na'urori suna jan wat 1,200 zuwa 1,800, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. Idan wuta ta ɗauke a mintunan farko, maiƙon zai tsiyaye kwaɓin ya kwanta, ba ya tashi kuma. Gara a bar su ɗanye a firiza har wuta ta tsaya. Daga firiza kai tsaye ake gasa su, a ƙara minti 3 zuwa 4.

Ga wanda Nutella ta yi masa tsada, gyaɗarmu tana yi: niƙaƙƙiyar soyayyar gyaɗa giram 100, garin koko na cakulan cokali 2, garin sukari cokali 3, ɗan gishiri, man gyaɗa cokali 1. Kada ruwa ya shiga, zai dunƙule. Ɗanɗanon daban ne, amma ba ya gudu kamar wancan. A sanar da mai ci, saboda akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko hezal.

Idan sun fito a ajiye su a kan raga minti 10, domin cakulan na ciki yana ƙona baki ko da waje ya huce. Kada a ƙulle su a leda da ɗumi, tururi zai saukar da ƙarfinsu. Wanda ya kwana, digiri 150 minti 3 yana dawo da shi. Gwaji na gaba shi ne kwaɓin da aka haɗa a gida da gogaggiyar bota mai sanyi, a ga ko digiri 165 zai ishe shi.