Alat ɗin banki ba shi ne "an biya" ba

Manhajar farko da na haɗa ta sayar da data ce, na yi wa wani Alhaji mai shago a kasuwar Wunti, nan Bauchi. Tsarina a lokacin: da zarar mai saye ya dawo shafin "an gama", sai in zuba masa kuɗi a walat, wato asusunsa na cikin manhajar. Kun san halin netwok ɗinmu. Wata mata ta biya, banki ya cire, netwok ya ɗauke kafin shafin ya buɗe. Bayan la'asar Alhaji ya kira ni: "Injiniya, ga baiwar Allah nan tsaye da alat a hannu, me zan ce mata?" Na rasa bakin magana.

Daga nan na koma wa webhook, wato saƙon da kamfanin karɓar kuɗi ke turo wa sabarka (kwamfutar da manhajarka ke aiki a kanta) kai tsaye, ko wayar mai saye ta mutu. Na ɗauka an wuce wurin. Ashe da sauran rina a kaba.

Sabata takan tsaya sayen data kafin ta amsa wa kamfanin da 200, lambar da ke nufin "saƙo ya iso". Su kuwa in ba su ji amsa a kan lokaci ba, sake turowa suke yi, kuma haka ya kamata. Sai naira 5,000 ɗin wani yaro ta shiga walat ɗinsa sau uku. Kafin gari ya waye ya ƙarar da ita kaf. Daga aljihuna na cike giɓin.

Ƙannena, kowane biya yana da lambar shaidarsa. Ku adana ta a rumbun bayanai, ku hana ta shiga sau biyu. Ku amsa 200 nan take, aiki ya biyo baya. Kuma ku duba sa-hannun saƙon, don kowa na iya turo muku "an biya" na bogi. Kamfanin karɓar kuɗi na Paystack da tsarin HMAC SHA512 yake sa hannu, kuɗi kuma a kwabo yake lissafawa, 500000 naira 5,000 ce.

Biyan da ya maƙale a tsakiya, kada ku yi saurin cewa bai shiga ba, mutum zai sake biya. Ku rubuta "muna dubawa", sabarku ta riƙa tambayar kamfanin da lambar nan har a samu tabbas. Da haka na yi, da matar nan ba ta hau acaɓa daga Yelwa don cigiyar kuɗinta ba.