Wasiƙa daga Mishigan: tsohon distiribita ma da ranar haihuwarsa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna nan lafiya, sai sanyi. Kun dame ni da tambayar wane irin aiki muke yi a garejin nan, da kuma nawa ne kuɗin haya. Bari in fara da garejin.

Tsofaffin motocin Amurka masu ƙarfin inji muke tayarwa, irin su Camaro da Chevelle na shekarun 1960. Masu motocin nan ba tashin mota ne ya dame su ba, so suke kowane ƙarfe ya zama wanda ta fito da shi daga kamfani. Inda abin ya fi ɗaure mini kai shi ne distiribita, wannan da ke raba wa fulogogi wuta.

Ku ɗauki Camaro Z/28 ta 1969. A gaban injin, ta wajen fasinja, an buga lamba, a ce V0315DZ. V na nufin a masana'antar garin Flint da ke nan Mishigan aka haɗa shi, 0315 ranar 15 ga Maris ke nan, DZ kuma samfurin injin ne, wanda ake kira 302. Distiribitan da ya dace da shi na kamfanin Delco-Remy ne, mai lamba 1111480, da kwanan wata a jikinsa kamar 9B20, wato 20 ga Fabrairun 1969, don harafi ne ke nuna wata: A Janairu, B Fabrairu. Dole ya girmi injin da 'yan makonni, tunda sai an ƙera shi an kai Flint kafin a ɗaura. In ranarsa ta zo bayan ta injin, an canza shi ke nan, kuma ko yana aiki garau farashin motar zai sauka.

Akwai kuma tarko. Delco-Remy ba sa amfani da harafin I, don haka J ne Satumba, M Disamba. A kwanan watan da ke zube a jikin gangar injin kuwa I ne Satumba, L Disamba. Manyan masu gemu na gani suna musu kan wannan har shayinsu ya huce. Ga 'yan damfara masu goge lamba su buga sabuwa, shi ya sa mai saye ke zuwa da gilashin ƙara girma.

Sai in tuna yadda a Panteka da Ƙofar Ruwa ake cire tsohon kaya a miƙa wa 'yan gwangwan. Mai tsohuwar Fijo 504, in bakanike ya canza maka wani abu, karɓi tsohon ka adana.

Haya kuwa akwai tsada, sai wani jiƙon.

Naku, daga Mishigan.