Abin da riƙon agogo da makirufo ya koya mini a bikin marubuta na New Orleans

Duk shekara a watan Maris ana yin wani bikin marubuta a birnin New Orleans na jihar Louisiana a Amurka, sunansa Saints and Sinners. An fara shi a 2003, kuma na marubuta ne masu neman jinsinsu da masu sauya jinsi, tare da masu karanta su da masu buga musu littattafai. Tun farko ma ba don adabi kaɗai aka kafa shi ba, har da isar da bayanin cutar ƙanjamau ga jama'ar da ta yi wa ɓarna sosai. A tsohuwar unguwar Faransawa ake yin sa, a otal ɗin Monteleone, lokaci guda da bikin tunawa da Tennessee Williams, shahararren marubucin wasan kwaikwayon da ya zauna a unguwar, wanda shi ma namiji yake nema.

Karatu ne ya kai ni. Adabi nake nazari, kuma an ce kowane ɗalibi ya nemi taron marubuta ya yi aikin sa kai, ya kawo rahoto. Na san yadda ake kallon wannan al'amari a gida, ba kuma wannan muhawara ce ta kawo ni nan ba. Aikina ƙarami ne: jera kujeru, ajiye wa baƙi ruwa, riƙe agogo, da kai makirufo wurin masu tambaya. Amma na tsaye a bayan ɗaki yana ganin abin da na zaune ba ya gani.

Waƙar magana ita ta fi jan hankalina, wato wadda mai ita zai tsaya gaban mutane ya faɗa da bakinsa, ba kiɗa ba amshi. Gasar irin wannan waƙa a Chicago ta samo asali, inda wani ma'aikacin gini mai suna Marc Smith ya mayar da ita zaman mako-mako a mashayar Green Mill a 1986. Ƙa'idarta sananniya ce: minti 3 ga kowa, alƙalai 5 daga cikin 'yan kallo, maki daga 0 zuwa 10, a jefar da mafi yawa da mafi ƙanƙanta a tara sauran. A bikinmu karatu ake yi ba gasa ba, amma da mutum ya buɗe baki sai ka gane ko ya taɓa shiga wannan horo. Wanda ya saba da minti 3 ba ya ɓata lokaci da dogon share fage. Ya san inda zai ja numfashi, ya san inda zai yi shiru ya bar magana ta zauna a kunnen mutane. Wanda kuwa takarda kawai ya sani, sai ya sunkuyar da kai yana gudu a kan layuka, jimlar da ta yi kyau a shafi ta fito a cakuɗe.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Rubutacciyar waƙarmu don rerawa ake yin ta, kuma duk wanda ya ji Aƙilu Aliyu yana rera tasa da muryarsa ya san takarda rabin aikin kawai take ɗauka. Bambancin shi ne, mai waƙar magana kusan kullum da "ni" yake magana. Zai ambaci mahaifiyarsa, da ranar da aka kore shi daga gida, da abokin da cuta ta ɗauke, yana kallon idon mutane. Da irin wannan tsiraicin zuciya aka san waƙoƙin Andrea Gibson na Amurka; gasar waƙar magana ta mata ta duniya ta farko a 2008 hannun Gibson ta faɗa. A nan matsalar take. Mai sauraro yakan ɗauka tunda an buɗe masa ƙofar zaure, an ba shi izinin shiga har ƙuryar ɗaki.

A zaman tattaunawa da marubuta na ga yadda wannan ke faruwa. Mai jagorantar zama iri biyu ne. Akwai wanda tambayarsa duk a kan rayuwar baƙon take: yaushe ka gaya wa iyayenka, me suka ce, wannan da ke cikin littafin kai ne ko? Sai ka ga marubucin ya ba da amsar da ya haddace, don ya sha ba da ita. Akwai kuma wanda ya karanta littafin da gaske, ya tambayi me ya sa aka fara labarin daga ƙarshensa, me ya sa babi na uku ya fi sauran gajarta, wace jimla ce ta fi ba shi wahala. Da irin wannan tambaya sai mutum ya gyara zama. Abin mamaki, a nan ne ma yakan saki jiki ya faɗi wani abu na rayuwarsa, don shi ya zaɓi faɗa, ba a tatsa ba.

Ɗauki Chinelo Okparanta, haifaffiyar Fatakwal, wadda ta ci kyautar Lambda, babbar kyautar irin wannan adabi a Amurka, a 2014 da kuma 2016. Littafinta na 2015 a yaƙin Biyafara ya soma, cike yake da yunwa da makoki da addini da zaman uwa da 'ya. Wanda ya samu sa'a guda da marubuciya irin wannan ya ƙarar da ita a kan tambaya ɗaya tak, ya cuci masu sauraro.

Wata dattijuwa da ta daɗe tana aikin sa kai a tarukan adabi ta koya mini riƙon makirufo. Ta ce idan na kai wa mai tambaya, kada in sake shi daga hannuna. Wasu ba tambaya suka tashi yi ba, lacca ce, wasu kuma so suke su tono abin da baƙon ya riga ya rufe. Muddin makirufo yana hannunka, za ka iya janye shi da murmushi da godiya, ba wanda ya ji kunya.

Sai maganar hoto da suna, wadda ni ta fi taɓa ni fiye da abokan karatuna Amurkawa. Su a wurinsu ɗaukar bidiyo a sa a Instagram taimako ne ga marubuci, littafi ake tallata masa. Ni kuwa na san a watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga masu kafa ko tallafa wa ƙungiyoyinsu. A wannan watan ne marubucin Kenya Binyavanga Wainaina ya fito ya bayyana a rubuce cewa namiji yake nema. Shi ya zaɓi ranarsa da kalmominsa. Romeo Oriogun kuwa, marubucin waƙoƙi ɗan Najeriya da ya yi waƙoƙi kan masu neman jinsinsu, bayan ya ci kyautar Brunel ta waƙoƙin Afirka a 2017, barazana ta biyo shi har ya bar Najeriya. Ɗakin taro a New Orleans yana da ƙofa, bidiyon minti guda ba shi da ita. Mutum zai iya faɗin abu gaban mutum hamsin da suka zo sauraronsa, bai yarda ya isa wayar kawunsa a daren ba.

Shi ya sa yanzu ko a ƙaramin zaman karatu na sashenmu, kafin baƙo ya hau nakan keɓe da shi in tambaye shi da wane suna zan kira shi, ko ya yarda a ɗauki hoto, da abin da ba ya so a tambaye shi. Yawancinsu sukan ce ba komai, a yi duk yadda aka ga dama. Wasu kuma sukan ɗan yi jim, sannan su ba ni wani suna daban da wanda ke jikin katinsu na makaranta.