Murfin bayan katin girafik

Yau bayan sallar la'asar na kammala murfin bayan katin girafik na kwamfutata (wato katin da ke sarrafa hotunan da kwamfuta ke nunawa), wanda na yanka da hannuna daga farantin akirilik (wata roba mai tauri da ke kama da gilashi) mai kaurin milimita 3 da na saya a wajen masu allon talla a kasuwar Terminus da ke Jos. Na auna, na goge gefunansa da sanfefa, na fesa baƙin fenti a fuskar ciki domin ta waje ta riƙa sheƙi, kuma niyyata ita ce in manna shi dab da allon katin, ko ƙurar hunturun Jos ta daina kwanciya a kai.

Ina shirin mannawa sai Baba, wanda ya yi shekaru yana gyaran injina a ma'aikatar haƙar kuza kuma bai taɓa buɗe cikin kwamfuta ba, ya karɓi farantin, ya juya shi a hannu, ya tambaye ni ko abin yana ɗaukar zafi. Da na ce ƙwarai kuwa, sai ya ce: "To, ka bar masa wurin shan iska, ɗana, roba ba ta kwashe zafi kamar ƙarfe." Gaskiyarsa ce, domin akirilik, ko da yake ba ya ɗaukar wutar lantarki, tare zafi yake yi. Na sa ƙananan matasai na roba a kusurwoyi huɗu, na bar 'yar tazara, na kunna, fankokin suka juya lafiya lau, shi kuwa yana tsaye a bayana yana kallo. Har yanzu tunanin da nake yi shi ne ban taɓa zaunar da Baba na tambaye shi labarin injinan da ya gyara ba.