Abin da Teburin Shagon Kwamfuta Ya Koya Mini Game da Sirrin Mutane

Shekara shida ke nan ina aiki a wani shagon kwamfuta da ke unguwar Runjin Sambo a Sakkwato, inda muke yi wa ɗalibai rajistar jarrabawar JAMB, muna cike wa masu neman aiki takardu, muna kuma fitar wa jama'a takardar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Da farko na ɗauka aikina bai wuce iya bugu da saurin sallamar mai jira ba. Sai da na jima kafin na gane cewa abin da ake miƙo mini kullum a kan teburin nan sirrin mutane ne, kuma yawancinsu ba su san darajarsa ba.

Wanda ya fara buɗe mini ido wani dattijo ne, tsohon malamin firamare, da ya shigo wata ranar Laraba bayan la'asar, gumi ya jiƙa masa hula, wayarsa a hannu. Ya ce mini, "Ɗana, duba mini wannan abu, tun safe ake kirana ana tambayar ko kuɗin sun shigo." Na ce, "Baba, wane kuɗi?" Ashe daren jiya wani ya kira shi, ya yi masa cikakkiyar sallama, ya ambaci sunansa da sunan ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarsu, ya ce za a yi taro ta waya, kuma an turo masa lambobi shida da za a sa shi a cikin mahalarta da su. Baba ya karanta masa lambobin ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan lambobi su ne mabuɗin da WhatsApp ke turowa idan za a buɗe asusun mutum a wata sabuwar waya. Kafin gari ya waye, ɓarawon ya bi abokai da 'yan'uwa yana neman rance da sunan Baba, kuma mutum biyu sun tura saboda ba su taɓa jin ya roƙi kowa ba.

Mun sake yi wa lambarsa rajista, amma ɓarawon ya riga ya sa wa asusun lambar sirri ta mataki na biyu, don haka dole muka jira kwana bakwai kamar yadda ƙa'idar manhajar ta tanada. A cikin kwanakin nan ne na nemi sanin inda mutumin ya samo bayanan Baba. Ban sha wahala ba. A shafin Facebook na ƙungiyar akwai hoton walimarsu, da sunan kowa, da muƙaminsa, har da lambobin wayar shugabanni don masu son ba da gudummawa.

Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne, da kyawawan halayenmu aka cuce shi. An tarbiyyantar da mu a kan amsa sallama da sakin fuska, da jin nauyin tuhumar wanda ya kira sunanmu cikin girmamawa, da gaggawar taimakon ɗan'uwa kafin a tambayi dalili. Macucin ya san da haka sarai, shi ya sa bai buƙaci wata ƙwarewa a kan kwamfuta ba. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini waya sai na roƙe shi ya bari mu sa lambar sirri ta mataki na biyu a WhatsApp, na kuma gaya masa cewa babu banki ko kamfanin waya da zai kira shi yana neman lambar da aka turo masa, ko da mai kiran ya san sunan kakansa.

Matasa kuwa nasu sakacin na murna ne. Yaro ya samu gurbin karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, nan take sai ya ɗora hoton takardar a shafinsa, da cikakken suna, da lambar rajista, da hotonsa a jiki. Wata ta saka katin gayyatar aure mai ɗauke da kwatancen gida da lambobin waya uku. Ni ma ina taya su murna, amma nakan ce a rufe lambobin kafin a ɗora, domin ba masoya kaɗai ke kallo ba. Haka nan layin waya: tun da gwamnati ta ba da umarnin haɗa shi da NIN a watan Disambar 2020, ya zama ƙofar shiga komai. Wanda ya tsinci layin da ba a kulle da lambar sirri ba, zai iya sa shi a wata waya ya danna *565*0# ya ga BVN ɗin mai shi, wato lambar da bankuna ke tantance shi da ita.

Darasin da ya fi yi mini nauyi, a shagonmu na same shi. Wata rana ina neman takardar wani a kwamfuta, sai na tarar da ɗaruruwan hotunan takardun NIN da na haihuwa da sakamakon jarrabawa na mutanen da muka sallama tun shekarun baya, jibge a wuri guda, kuma duk yaron da ya zauna a kan kujerar zai iya kwashe su cikin minti biyu. Gabana ya faɗi, domin amana ce aka ba mu muka bar ta a buɗe. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan wani alhakin tsare su, da kuma kada ya ajiye su fiye da lokacin da ake buƙata, kuma ban ga dalilin da zai sa ƙaramin shago ya ɗauka ba da shi ake ba.

Na kai wa maigidana maganar, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in yi abin da ya dace. Yanzu kwamfutar tana da kalmar sirri, kuma kowace takarda muna goge ta a gaban mai ita kafin ya tashi. Gurɓatattun kwafi da a da muke zubawa a kwandon shara, har masu ƙosai su ɗauka su naɗe kaya da su, yanzu tara su nake yi in ƙone su a bayan shago kafin in tafi sallar magariba.